Jibin Tela

Ranar biyar ga azumi Murjanatu ta shiga shagon Sha'aban tela a bakin kasuwar Daura, rungume da turmin atamfa. Da ya ɗago kai ya gan ta, ƙafarsa ta tsaya cak a kan keke.

"Ta Innarmu ce," in ji ta. "Ta daɗe a kwance. Ta ce ko a kan gado ne sai ta sa sabo ranar Idi."

"Jibi ki dawo."

Ta dubi tulin yadin da ya kusa taɓa rufi. "Jibin gaske ko jibin tela?"

Ya yi dariya, ya karɓi lambarta wai don ya kira in ya gama. Ɗinki bai samu ba, amma saƙo bai yanke ba.

"Murjata, tun da kika fita allura ke sukata, ban san inda nake kallo ba. Ki gaida Inna, ki ce mata jibi."

Sha'aban ba mugu ba ne, hannunsa kuma yana da kyau. Ciwonsa ɗaya, bakinsa bai iya a'a ba. Kowa ya miƙo yadi sai ya karɓa. Ya manta alƙawari kaya ne, kaya kuwa in ya fi ƙarfin kai, wuya ke biya.

Kullum Inna Haulatu sai ta tambaya, "Tela ya kawo?" Kullum Murjanatu sai ta ce jibi. Inna ta yi Idi cikin tsohon zanenta. Kwana huɗu bayan Sallah aka kai ta makwancinta.

Bayan sadakar arba'in Sha'aban ya tura manya wajen Alhaji Maliki, mahaifin Murjanatu, dillalin shanu a kasuwar Mai'adua. Alhaji bai bari sun kai ƙarshen magana ba.

"Wanda ya kasa riƙe turmin atamfa, shi zan ba riƙon 'ya? Ku tashi."

Dama akwai Sabiru mai sayar da babura, ya daɗe yana kai gaisuwa. Ran nan saƙo ya shigo wa Sha'aban.

"Masoyina, ban daina sonka ba. Amma in na rufe ido muryar Inna nake ji tana tambayar tela. Baba ya ce in na gama makaranta, bayan ƙaramar Sallah mai zuwa, Sabiru ya turo. Don Allah kada ka ce min jibi."

Sha'aban ya kife wayar. Washegari ya sayar da kekensa na biyu, ya tafi ofishin Malam Nu'uman, wanda sana'arsa ita ce horar da masu ƙananan sana'o'i a kan lada. Telolin layin suka sami abin dariya.

"Shekara goma kana taka keke, yau ka ɗauki malami ya koya maka zaman shago?"

Bai kula su ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kwana uku Malam Nu'uman yana zaune a shagon, kallo kawai. Ran na huɗu ya ce, "Riga nawa kake gamawa a yini?"

"Uku."

"Jiya nawa ka karɓa?"

"Goma sha ɗaya."

"To mutum takwas ka yi wa ƙarya kana murmushi. Ba ɗinki ka rasa ba, ɗana, kunya ce ke cin shagonka."

Ya sa aka kafa allo a bango, kowace rana da gurbi uku. In gurbi ya cika, ko waye sai a ba shi haƙuri. Ya sa Sha'aban ya bi gida-gida yana mayar da yadin mutane. Wasu suka zage shi, wasu ba su sake dawowa ba. A ƙasan tulin suka tarar da atamfar Inna Haulatu, an yanka ba a haɗa ba. Sha'aban ya zauna a ƙasa ya yi kuka.

"Kuka ba ya ɗinki," in ji Malam Nu'uman. "Wannan ce gurbin farko."

Ya ɗinka, ya kai da kansa. Alhaji ya ƙi fitowa. Murjanatu ta karɓa a zaure, ta rungume ta.

Azumi ya zagayo. Tun ran goma ga wata allon ya cika. Saura kwana uku Sallah, sai ga Alhaji Maliki a ƙofar shago da shadda a hannu.

"Kai tela. Da wannan nake son zuwa Idi."

Sha'aban ya durƙusa. Ya dubi allo, ya dubi shaddar. Ya san in ya ce to, wani zai yi Idi da tsohon kaya. Ya kuma san in ya ce a'a, ƙila shi ke nan shi da Murjanatu.

"Baba, ka gafarce ni. Ba zai yiwu ba."

"Ni kake gaya wa haka?"

"Na taɓa ce wa gidanka jibi, Baba. Ba zan ƙara ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Alhaji ya daɗe yana kallon allon. "Yaushe zai yiwu?"

"Tara ga Shawwal, da hantsi."

Alhaji ya ajiye shaddar ya fita, ko sallama babu.

Tara ga wata, rana ba ta yi zafi ba Sha'aban yana ƙofar gida. Alhaji ya warware rigar, ya duba wuya, ya duba aljihu, sannan ya ce, "Da ka ce min to ran nan, da yau Sabiru ke zaune a nan. Ka turo manyanka Juma'a." Ya kau da kai. "Haulatu ce dai ba ta gani ba."

An ɗaura aure ba kiɗa ba taro mai yawa. Ranar kai amarya Murjanatu ta ƙi duk kayan lefe, ta sa atamfar Inna, wadda angon ya rage mata daidai jikinta. Matan gidan da suka gane ta suka fashe da kuka.

"Angona," ta ce da suka keɓe, "ka ga dai an sa ta."

"An sa, Murjata. A makare."

Allah ya jiƙan Haulatu, ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya raba bakinmu da alƙawarin da hannu ba zai iya ba.