Gaskiyar da Ya Rubuta a Kan Baba

"Duk mutanen duniyar nan, ka rasa wanda za ka yi rubutu a kansa sai ubana?!"

Ko sallama Auta ba ta yi ba. Ta buga takardun a kan teburinsa har shayin da ke kofi ya fantsalo. Ya ɗago daga fayil ɗin da yake dubawa, ya zare tabarau.

"Wa'alaikumus salam. Zauna mana, sanyin idona..."

"Ajiye sanyin ido a gefe tukuna! Lamba sha huɗu, kai ne ko ba kai ba ne?"

"Ni ne."

Haka kawai ya faɗa, kamar an tambaye shi ƙarfe nawa. Ta ji kamar ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifinta, wanda ya yi Babban Sakatare a wannan ma'aikatar. Iyalinsa da tsofaffin abokan aikinsa suka kafa gidauniya don tunawa da shi. Duk shekara ana zaɓar babban ma'aikacin gwamnati ɗaya a tura shi kwas na wata tara a kan shugabanci. Ba a sa suna a takardun masu nema, lamba ake ba su, dattawa uku su duba su fitar da gwani. Auta ce sakatariya, ambulan mai ɗauke da sunaye a hannunta yake, kuma yau da safe ta buɗe shi a gaban Umma da Baffa.

Lamba sha huɗu ce ta yi nasara, sai ga sunan mutumin da iyayensa za su zo neman aurenta ranar Asabar! Mataimakin darakta, wanda duk ofis ke kira Jan Biro, don ko katin gayyata ka miƙa masa sai ya gyara maka waƙafi.

"Me ya sa ba ka gaya min ka nema ba?"

"Da na gaya miki, da an ce ke kika ɗora ni."

"To na ji. Wannan fa?" Ta fizgo shafi na biyu ta karanta: "'Shugabana bai taɓa cin amana ba, amma bai taɓa sakar wa kowa aiki ba. Lokacin da ya kwanta asibiti, ma'aikata ta tsaya cak mako shida, don babu wanda ya san inda aka kwana. A wurinsa na koyi gaskiya, a wurinsa kuma na koyi abin da ba zan yi ba.'"

"Ai ban ambaci suna ba."

"Ba ka ambaci suna ba?! Ka ce shugaba mai zuwa ofis ranar Asabar da silifas! Har mai gadi ya san ko wane ne!"

Ya sosa ƙeya. "An ce mu rubuta a kan shugaban da muka fi koyon darasi a wurinsa. Shekara bakwai ina ƙarƙashinsa, masoyiyata. In yi ƙarya?"

"Ka yi shiru! Shiru ma ai ba ƙarya ba ne!"

"In kina so in janye, yanzu zan rubuta."

"Ka ƙara rubuta wani abu kuma? Don Allah ka huta da rubutu! Baffa na nemanka bayan la'asar. Haƙuri kawai za ka bayar. Kana jina? Haƙuri... kawai."

A mota ta kifa kanta a kan sitiyari. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta rasa layi ɗaya da za ta nuna ta ce ƙarya ne. Ranar bikin gama jami'arta, kujerar Baba wayam ta kasance har aka watse. Ya aiko direba da agogo a kwali. Ta so shi kamar ranta, har gobe in ta ji ƙamshin turarensa sai ta yi hawaye. Amma aibin ubanka, kai kaɗai kake son ka sani.

Bayan la'asar falon gidansu ya yi tsit, ban da takun Baffa, ƙanen Baba, da ke kai da kawo a ƙarƙashin babban hoton marigayin. Umma na zaune a kujerarta, takardun a cinyarta. Auta ta laɓe a ƙofar kicin da faranti a hannu.

Jan Biro ya shigo ya durƙusa ya gaida su.

"Ba gaisuwa na kira ka ba!" in ji Baffa. "Mutum na kabarinsa ka bi shi da biro? Ka ci da sunansa, ka zage shi, sannan ka auri 'yarsa? Wallahi sai ka zaɓa! Kai, ba ma zaɓi, duka biyun ka rasa, sai in ka rubuta cewa sharri ka yi masa!"

"Baffa, ina neman afuwa a kan ɓacin ran da na jawo..."

Auta ta sauke ajiyar zuciya. Madalla, tsaya a nan, rabin raina, tsaya a nan!

"...amma ba zan iya cewa sharri ba ne. Kuma ba zagi na yi ba, akwai bambanci tsakanin zagi da..."

Farantin ya kusa suɓucewa daga hannunta. Yau ga mutum yana gyara wa waliyyinta kalma!

"Kin ji ko? Kin ji shi ko?" Baffa ya juya ga Umma. "Ki sa baki mana!"

Umma ta cire tabarau ta ninke a hankali.

"Baffan yara, zauna. Shekara uku ana kawo min takardu. Kowa yabo, kowa 'gwarzo', kowa 'babu kamarsa'. Ina karantawa ina cewa, wannan wane ne? Ban san shi ba. Sai yau na ga mijina a takarda."

"Haba, matar Yaya..."

"Ni na zauna da shi shekara talatin da ɗaya. Ni nake ɗumama abinci sau uku in mayar. A gadon asibiti, da robar ruwa a hannunsa, yana sa hannu a fayil. Na roƙe shi, na yi kuka, ya ce in bai yi ba wa zai yi?" Ta shafa takardun da ke cinyarta. "Kwana biyu kafin ya cika ya riƙe hannuna ya ce, 'Ban koya wa kowa ba, ban kuma zauna da ku ba.' Don haka na yarda a kafa gidauniyar nan, ba don a rataya hoto ba."

Baffa ya zauna daɓas, ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita. Auta ta fito tana share hawaye da gefen mayafi.

Jan Biro ya fara murmushin samun nasara. Umma ta juyo gare shi.

"Kai kuma, ƙarfe nawa ka tashi daga ofis jiya?"

Murmushin ya gudu. "Wajen... bakwai, Umma."

"Tara da rabi!" in ji Auta. "Kuma ranar hutu ce!"

"In ka tafi wata tara, wa zai riƙe sashenka?"

Ya kalli silin. "To... akwai dai wata jami'a mai ƙoƙari, sai dai har yanzu ba ta..."

"Shekararta nawa a ƙarƙashinka?"

"Biyar."

"Shekara biyar ba ta iya ba, ko ba ka bar ta ba?" Umma ta girgiza kai. "Ka iya hango ciwon wani, ɗana. Zan sa hannu, dattawa sun zaɓe ka da gaskiya. 'Yata kuma ba zan ba ka ita ta yi irin zamana ba. Ka miƙa wa jami'ar nan aiki, ta riƙe wata guda kana kallo ba ka sa baki ba. Sannan iyayenka su zo."

"Wata biyu," in ji Baffa daga cikin hula.

A bakin get Auta ta tsaya ta harɗe hannuwa.

"Har yanzu fushi kike, ruhina?"

"Sosai ma! Haƙuri kawai na ce ka bayar!"

"Ai na bayar..."

"Ka bayar ka ɗora masa 'amma'!" Sai kuka ya ƙwace mata. "Ina kewarsa... Kuma ina tsoro. Kar in wayi gari ina yi wa 'ya'yanmu bayanin inda kake."

Wannan karon bai kare kansa ba. Idonsa ya cika. "Ki taya ni. Ban iya ba, amma zan koya."

Wata biyun nan ba ƙaramar wahala ya sha ba. Sau uku jami'ar na kiran Auta tana ƙarar ya leƙo ta taga yana tambayar fayil. Amma sashe bai rushe ba, har yabo aka aiko daga sama, abin da ya sa ya yini yana kumbure-kumbure.

Baffa da kansa ya ba da aurenta. Da ya zo sa musu albarka, ya dafa kafaɗar ango ya ce, "Yayana ya rasa abubuwa da yawa a gidan nan. Kai dai ka riƙa dawowa da wuri."

Ango ya sunkuyar da kai. "In sha Allahu, Baffa."

Auta ta jira ya ɗora 'amma', ta jira... Babu. Sai ta yi dariya cikin hawaye.