Inuwar da Ba Ta da Mai Ita

Wayar Mardiyya ce ta faɗa ruwa, shi ya kai ta shagon Sadiq mai gyaran waya, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kaura. Ta yi sallama, bawan Allah ko ɗagowa bai yi ba, ya ƙura wa wani hoto ido.

"Malam, in inuwar nan ce ta hana ka amsa sallama, ta sarauniya ce," in ji ta. "Wadda ta faɗa rijiya a kashin farko."

Sai ga shi ya ɗago. To fa!

Wani gem ne na waya da ya haukata samari daga Kaura har Shinkafi. Masu shi sun ce za su ƙaro sabon kashi, suka saki hoto guda da suna kawai, wai "Inuwar da Ba Ta da Mai Ita". Sadiq ne shugaban guruf ɗin masu cankar ko inuwar wa ce, kuma an ce bai taɓa canka ya kuskure ba. Ranar ya sa Mardiyya a guruf. Kafin Poli, inda take karatu, ta ba da hutu, ya san hanyar gidansu a Zurmi, yana ce mata Sarauniyata.

Ana nan sai Chioma, mai shagon kwafi a bakin Poli, ta buɗa hoton ta ce inuwar hannu ɗaya gare ta, don haka ta maƙerin nan ce na cikin gem ɗin da aka sare wa hannu. Sadiq ya jera mata tafi a guruf. Bai tsaya nan ba. Ya zo zance, yana kan tabarmar Mardiyya, yana shan zoɓon Mardiyya, ya buɗe baki ya ce, "Kai, Chioma akwai kai!"

Mardiyya ta ɗauke kofin. "Mi ka ce?"

"Na ce dai ta lura da..."

"Tashi ka tafi ta ba ka nata zoɓon."

Dama babanta, Malam Usmanu, bai so ba. "Ƙato da gemu yana wasan yara, shi zan ba ɗiyata?" Ga Alamin mai sayar da hatsi kullum cikin aiko gaisuwa.

Ta tura wa Sadiq: "Baba ya ce in fito da miji kafin kaka. Alamin dai bai san wata Chioma ba."

Ya mayar: "Sarauniyata, ki rufa mani asiri. Chioma fa da mijinta."

"Ina ruwana da mijinta? Gaban kowa ka nuna ta fi ni kai."

Shi kuwa ya duba hoton da idonsa, hannu ɗaya ne. Amma da safiyar ranar da za a bayyana amsa ya rubuta a guruf: "Ni Sadiq na ce inuwar sarauniya ce. Inda Mardiyya ta tsaya, nan na tsaya."

Abokinsa Dogo ya ce, "Oga, soyayya ta cinye maka ido ne?"

Amsa ta fito: maƙeri. Wayyo, dariya! Suka tuɓe shi, suka ba Chioma shugabanci, har sitika suka yi da fuskarsa.

Mardiyya ta kira. "Ka san ba ita ba ce?"

"Na sani."

"To mi ya kai ka?"

"Ba zan bari a yi maki dariya ke kaɗai ba. Gara a haɗa mu."

Ta ce, "Sakarai. Ka zo ran Juma'a."

Ita ta lallaɓa Inna, Inna ta lallaɓa Malam. Aka tura kawunta Kaura ya bincika, ya tarar shagon nasa ne, kuma jam'i ba ya wuce shi. Bayan an cire gero aka ɗaura aure.

Chioma ta zo biki cikin anko. Amarya ta rungume ta da fara'a, sannan ta sa aka ba ta kujera can baya, inda ango ba zai hango ta ba. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, amin.