Ƙanzon Gidan Salvatierra

"Ƙanzo?!"

Kalmar ta faɗo tsakiyar ɗakin cin abinci kamar an saki tire. Masu kaɗa gita biyu da ke gindin bene suka tsaya cak. Cokula suka daina ƙara.

Senda na rusune, faranti a hannu biyu, murmushin da ta shigo da shi ya bushe a fuskarta.

"Nanay... naki ne," ta ce a hankali.

"Kada ki sake ce mini Nanay! Ban haife ki ba!"

Aling Petring ce ta miƙe, uwar Doroy, babbar dillaliyar kifi ta Navotas, garin masunta, awarwaron zinarinta na kaɗawa. Ranar Lahadi ce, an taso daga coci. Ta zo nema wa ɗanta auren Senda a tsohon gidan abincin Salvatierra na cikin ganuwar Intramuros, tsohon birnin Manila, domin nan ne gidan su yarinyar, a saman bene suke kwana.

Tun safe Senda ke bakin wuta. An ci wutsiyar sa a miyar gyaɗa, an ci harshen sa, kowa ya yaba. Sannan aka shigo da paella, dafa-dukan Sifen, a faffaɗan baƙin kaskon da kakan kakanta ya taho da shi daga Sifen, shinkafa ta yi ruwan ɗorawa, jatan lande da ƙaguwa sun yi mata rawani. Lola Cion, kakar Senda kuma mai gidan, ta zaro cokalin azurfa ta kankare gindin kaskon da hannunta, ta ce Senda ta kai wa baƙuwa.

"Ni za ku kankaro wa gindin tukunya?" Aling Petring ta buga ƙirji. "A gaban jama'a? Na yi muku kama da mai wanke-wanke?"

Jovita, yarinyar da Aling Petring ta tsaya wa a baftisma, shi ya sa take kiranta Ninang, wadda ta rako ta, ta sake matsowa kusa da kunnenta. Ba ta ma rage murya sosai ba.

"Ai na faɗa miki, Ninang. Masu jinin Turawan nan sun binciko komai. Da gangan ne."

"Nanay, don Allah zauna..." in ji Doroy.

"Tashi mu tafi! In kuma a nan aka binne cibiyarka, zauna!"

Ta kai wa farantin hannu. Ya tarwatse a kan dutsen daɓen, ƙanzon ya watsu har ƙarƙashin kujerun baƙi.

Lola Cion ba ta motsa ba. Shekara tamanin da huɗu, bayanta a miƙe kamar sanda.

"Shekara casa'in da buɗe gidan nan," ta ce, "mutum goma sha ɗaya kacal aka kankare wa wannan kasko. Ba wanda ya taɓa zubarwa. Baiwar Allah, ƙofa tana inda kika bar ta."

Aling Petring ta ɗaga haɓa ta fita, Jovita na riƙe mata jaka. Doroy ya dubi Senda, ya dubi ƙofa, ya bi uwarsa.

Ko waiwaye bai yi ba.

Ku 'yan mata ku saurara da kyau. Rashin sani ya fi dare duhu, amma fushi a kan rashin sani ya fi su duka biyun.

*

Kwana uku Senda ba ta ɗaga wayarsa ba. Rana ta huɗu da hantsi ya shigo ta ƙofar baya da kwandon jatan lande a kafaɗa, yadda ya saba shekara biyu, domin ta wannan ƙofar suka fara ganin juna.

Tana yanka albasa. Ba ta ɗago ba.

"Masoyiyata..."

"Ajiye kwandon ka fita."

"Senda, dube ni mana."

"In dube ka in ga me? Bakinka da aka ɗinke ranar Lahadi? An zubar da mutuncin kakata a ƙasa, kai kana tsaye kamar gunkin coci!"

"Uwata ce fa!"

"Ni kuma daga sama na faɗo?" Ta buga wuƙar a katako. "Ka san mene ne wannan ƙanzon? Wata guda ina koyon yadda zai kama bai ƙone ba! Ga hannuna, duba tabon wuta! Na ɓoye maka ne don in faranta mata rai, in nuna mata ba wanda ya kai ta a idonmu!"

Doroy ya zauna a kan buhun shinkafa.

"Da kin faɗa mini..." ya ce. "Ni kullum ta baya nake shigowa, ina zan san al'adar ɗakin gaba?"

"Da na faɗa maka sai me?"

Ya rage murya.

"Nanay tana shekara goma aka kawo ta Manila aikatau. Shekara tara a wani babban gida. Masu gida su ci farar shinkafa, ita a kankaro mata gindin tukunya a bayan kicin, a tsaye, gefen kwanon kare. Har yau a gidanmu ba a cin ƙanzo, kaji ake watsa wa. Ta rantsar da ni kada in faɗa wa kowa."

Wuƙar ta zame daga hannun Senda.

"Shekara biyu... ka faɗa mini sunan kowane kifi a teku, amma wannan ka ɓoye?"

"Kunya na ji."

"Kunya!" Idonta ya kawo ruwa, ba na albasa ba. "Mace ta tashi daga bayan kicin ta mallaki motocin kifi shida, kai kana jin kunya? Doroy, ka ban haushi yau fiye da ranar Lahadi!"

"Ki yafe ni, abin ƙaunata. Ta ce ko ke ko ita. Kuma ta fara maganar Jovita."

"Jovita ta san wannan labarin?"

"Uwarta ta sani. Tare suka yi aikatau."

Senda ta sunkuya ta ɗauki wuƙar. Ruwa ba ya tsami banza. Tun ranar Lahadi take tunanin inda ta san fuskar Jovita, sai yanzu ta faɗo mata.

Teburin taga. Watan Mayu. Rawayar riga.

*

Lola Cion na zaune ƙarƙashin hotunan mutum goma sha ɗayan nan tana shan koko mai kauri, sa'ad da Senda ta kwashe komai ta faɗa mata.

"To sai me?" in ji tsohuwar. "Ita ta fasa mini faranti. Ta zo ta ba ni haƙuri."

"Lola, tsohon miki muka fama mata."

"Da sani muka yi?"

"Wanda aka taka wa gyambo ba ya tambayar ko da sani ne."

"Ji mini yarinya! Yanzu ke za ki koya mini karin magana?" Lola ta ajiye kofin da ƙarfi. "In kika taka Navotas, da ƙafarki kika je, ba da tawa ba."

"Da tawa zan je. Amma cokalin zan tafi da shi."

Lola ta zare ido.

"Cokalin nan bai taɓa fita ganuwa ba!"

"Yau zai ga gari."

Tsohuwar ta juya fuska ga taga, tana ƙunƙuni a kan yaran zamani marasa kunya. Amma mabuɗin akwatin da ke wuyanta, ta ciro ta ajiye a kan tebur, kamar ta manta da shi.

*

Rana tsaka Senda da Doroy suka isa Navotas, ƙarnin kifi ya cika unguwar. Aling Petring na zaune a baranda tana firfita, Jovita na matsa mata kafaɗa.

Senda ta rusuna ta miƙa hannu don ta ɗora na Aling Petring a goshinta, yadda suke gaida manya. Matar ta janye hannunta ta tura ƙarƙashin hammata.

"An aiko ki da ragowar ne?"

"Na zo ba da haƙuri."

"Haƙuri!" Jovita ta yi dariya. "Ninang, bari in kira kaji, wataƙila ta zo musu da abinci."

Senda ta juyo gare ta.

"Sannu, 'yar rawayar riga. Har yanzu kina jin haushin Lola?"

"Ban gane ba. Ni ban taɓa taka gidanku ba sai ranar Lahadi."

"Haka ta faɗa mini," in ji Aling Petring.

"Watan Mayu, teburin taga, ke da ƙawayenki uku. Kika karanta rubutun da ke bango, kika roƙi a kankare miki kaskon ko loma ɗaya. Lola ta ce ba na sayarwa ba ne, sai wanda gidan ya girmama. Har kika buga tebur."

"Ƙarya ne!"

Doroy ya miƙa wa uwarsa waya. Ga Jovita nan a shafinta, da rawayar riga, tana nuna bangon hotuna da yatsa, ta rubuta a ƙasa: wata rana ni ma za a ba ni.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Aling Petring ta daɗe tana kallon hoton. Maficin ya tsaya a hannunta.

"Kin san girmamawa ce."

"Ninang, ni don ke na..."

"Kin sani! Kika ɗauki sirrina da uwarki ta faɗa miki kika soke ni da shi! Kika sa na fasa faranti a gaban tsohuwa! Ɗauke hannunki daga kafaɗata!"

Jovita ta suri jakarta ta fita, takalminta ɗaya na zamewa. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Doroy ya saki ajiyar zuciya. Ashe ya yi gaggawa.

"Kai kuma mai bakin ganga, ka faɗa mata ko?" Uwarsa ta harare shi, sannan ta dubi Senda. "To yanzu kin sani. 'Yar aikatau ce za ta zama surukarki. Ku a wurinku ƙanzo ado ne, da cokalin azurfa, da gita. Ni a wurina yunwa ce. Kin san ɗanɗanon na gaskiya?"

"A'a."

"Biyo ni."

A kicin ta jawo tukunyar shinkafar rana, ta juye farar, ta kankare baƙin gindin a kwanon roba. Ta tsiyaya masa baƙin kofi mara sukari, ta jefa busasshen kifi ƙwaya ɗaya. Ta janye kujera gefe.

"A tsaye ake ci."

Senda ta buɗe jakarta ta zaro cokalin azurfa. Ta ɗibi ƙanzon ta kai baki. Ɗaci ya kama mata harshe, ƙauri ya hau mata kai. Ta haɗiye. Ta ƙara. Ta ƙara. Doroy ya matso, ta ɗaga masa hannu.

Sai da ta suɗe kwanon tas.

"Shekara tara..." ta ce, hawaye na zuba. "Kina shekara goma..."

Aling Petring ta juya baya tana goge tukunyar da ba ta bukatar gogewa.

"Wannan cokalin fa?"

"Na Lola ne. Bai taɓa fita ganuwa ba sai yau."

"Ta sani?"

"Ta ce ba ruwanta. Amma ita ta ajiye mabuɗin."

Matar ta yi wata gajeriyar dariya mai haɗe da kuka.

"Tsohuwar nan taurin kai gare ta kamar ni."

Ta goge hannunta a zani, ta miƙa wa Senda. Senda ta kama da hannu biyu ta ɗora a goshi.

"Nanay..."

"Na'am, 'yata. Jeki kurkure baki, kin ci abin da kare ma yakan bari."

*

Lahadi ta zagayo. Aling Petring ta shigo gidan Salvatierra da sabon faranti a naɗe cikin takarda, ta ajiye gaban Lola Cion.

"Ga naki."

Lola ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da farce.

"Bai kai wancan ba."

"Wancan ma ba wani kyau gare shi ba."

Suka harari juna. Doroy ya damƙe hannun Senda a ƙarƙashin tebur. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma tsofaffi biyun nan ba wadda za ta yarda ita ce ta durƙusa.

Aka shigo da kaskon. Lola ta kankare, ta zuba a sabon farantin, ta tura da kanta. Aling Petring ta kalle shi har masu gita suka gama waƙa guda. Sannan ta ɗiba.

Ya yi ƙaras a bakinta, romon ƙaguwa ya narke a ciki. Ta tauna a hankali, a zaune, kowa na jiranta.

"Yaya?" in ji Lola.

Aling Petring ta share gefen ido da bayan hannu.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce. "Ƙaro mini. Sannan mu tsayar da ranar bikin yaran nan."