Rabin da Ya Zaɓa

Na dire zoben a kan teburinsa, kusa da linzamin kwamfuta, na ce ya riƙe kayansa.

Injiniya ya ɗago ya dube ni kamar wanda aka tasa daga barci. Haka kowa ke kiransa a ofishinmu, inda muke ƙera abubuwa a cikin kwamfuta don masu talla, irin waɗanda za ka juya ka ga gabansu da bayansu. Ni kujeru da kwalabe nake yi, shi kuwa fuskoki. Saura wata guda aurenmu.

"Tauraruwata... me ya yi zafi?"

"Buɗe fuskar da ka ƙera mini."

Ban ma san yana ƙera ta ba sai jiya, da Gwaggonsa ta kira ni gidanta. Matar nan tun ganinta da ni na farko ta gaya wa dangi cewa yarinyar kyakkyawa ce, amma ta gefe guda. Ina da tabo a kuncin hagu, daga gindin kunne zuwa haɓa, gilashin taga ya yanke ni ina ƙarama. Ta miƙo mini wayarta tana murmushi, sai ga fuskata sumul, ko ƙwarzane babu. Wai ya yi ta ne don ɗan bidiyon gayyatar biki. 'Yar Kwalisa, mai zama a bayansa tana kai masa shayin da bai roƙa ba, ita ta ɗauki hoton allonsa ta tura wa Gwaggo. Gwaggo ta ce ga matar da ɗansu ke so a ransa, kunya ce ta hana shi faɗa, kuma ta san wani likita mai gyaran fata.

A gabanta ban yi kuka ba, ban ba ta wannan daɗin ba. A mota na yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san aikin. Ba mai ƙera fuska gaba ɗaya. Rabi kake yi, ka kunna madubi, kwamfuta ta kwafa maka ɗaya rabin. Ke nan sai da ya zauna, ya dubi fuskata biyu, ya zaɓi wadda ba ta da aibu. Mutumin da ke cewa tabon nan ya fara so!

Ya buɗe fuskar. Ofis ya yi tsit, 'Yar Kwalisa ta duƙufa a kan allonta kamar mutuniyar kirki.

"Ka ɗauki dama ka jefar da hagu," na ce. "Da ka faɗa mini da bakinka, da ya fi mini sauƙi a kan in ji daga Gwaggo."

Bai yi musu ba. Ya juyo da fuskar ta fuskance ni, ya ja wani ɗan maɓalli, ta yi murmushi. Kumatu biyu suka lotsa.

"Ta wane gefe kuncinki ke lotsawa in kin yi dariya?"

Na shafa kuncina. Ta hagu kaɗai, dab da tabon. Na dama bai taɓa lotsawa ba tunda aka haife ni.

Ya ce da hagu ya fara, don nan ne idonsa ya saba sauka. Tabo kuwa sai an gama komai ake sa shi, bayan an kashe madubi, ni ce dai ban taɓa buƙatar kashewa ba, da yake kujera ba ta da tabo. Wannan baƙar maganar ta shige ni, amma ban sauko ba. Na ce baki ne, kowa ma ya iya.

"To juya mini baya."

Na juya, ina kallon bango, ina jin ƙarar alƙalaminsa a kan farantin zanen kwamfuta. Da ya ce in duba, sai ga tabona a kan fuskar da ke allo. Ya faro shi da kauri a gindin kunne, ya sirance, har da 'yar lanƙwasar ƙarshe da ni kaina sai na matsa kusa da madubin ɗaki nake ganinta. Bai kalle ni ba, bai buɗe hoto ba.

Sai dai garin rawar jiki ya manta bai kashe madubin ba. Tabo ya fito a kumatu biyu, hagu da dama.

Wani ya fashe da dariya a bayanmu. Na cije leɓe, na kasa, hawaye da dariya suka taho mini tare. Injiniya ya kai hannu zai gyara, sai ya fasa. Ya ɗauki hoton allon a haka, ya juya wajen 'Yar Kwalisa.

"Tunda kina da lambar Gwaggo, tura mata wannan. Ki ce na so in ƙara ne, amarya ta hana."

Ta tashi fuu ta fice, ta bar shayin yana hucewa.

Ya ɗauki zoben, ya riƙe bai miƙo ba, yana jira. Har yanzu ina jin haushin daren da na kwana ina kuka, na kuwa gaya masa sai ya biya ni shi. Na ja kujera, na karɓe linzamin, na kashe madubin da kaina, na goge na dama.

"Guda ɗaya ya ishe ni," na ce.

Sannan na miƙa masa hannun hagu.