Kwallin da Najiba Ta Ƙi Gogewa

Ranar sadakar uku, a gaban matan unguwar Bagadaza ta Gombe da suka cika tsakar gida, Lami ta danne kan Najiba, matar ƙanen mijinta, a cinyarta kamar za ta yi wa yaro ɗura, ta sa jiƙaƙƙen tsumma tana dirzar idanunta har sai da fatar ta yi jawur. "Mijinki ya mutu kina rambaɗa kwalli? Ke wace irin zuciya ce da ke?" Najiba ba ta da ƙarfin ƙwacewa, don kwana uku ke nan ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa. Ta ce, "Anti Lami, don girman Allah ki bari... wa ya ga gawarsa? Wa ya yi masa wanka? Ku kawo mini wanda ya tsaya a kan kabarinsa, wallahi yanzun nan zan shiga takaba!" Amsar da ta samu ita ce Lami ta ɗauki tandun kwallin, abu ɗaya tilo da Najiba ta gada daga mahaifiyarta, ta wurga shi cikin murhu. Mata suka ɗauki salati, amma fa ba don tandun ba, sai don taurin kan yarinyar.

Wanda ake yi wa sadakar shi ne Nuruddeen, mijin Najiba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana zana taswira a wani ofishin safiyo, yana jan layin hanyoyin da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, shi da ko Bauchi sau biyu kacal ya taɓa zuwa. Rana ɗaya ya ajiye aikin, ya ce zai zaga duniya da jakar goyo. Ba jirgi, ba otal: motar kaya in ta samu, ƙafa in ba ta samu ba, kwana a masallaci ko a tasha, aikin ƙarfi a gonar mutane don ya sami na sawa a baki. Dangi suka ce aljanu ne, abokan aiki suka ce asiri aka yi masa. Gaskiyar magana kuwa son kai ne, ko da an shafa masa zuma, domin namiji mai tunani ba ya barin marainiyar da ba ta da uwa ba ta da uba, ba ta ma da ɗan da za ta kalla ta ji sanyi, ya tafi kallon teku. Amma Najiba ba ta hana shi ba, ta ga yadda abin ke cin ransa. Ranar tafiyar ya ɗauke ta hoto a ƙofar gida, jikin shagon maƙwabciyarsu Ekwutosi, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da kayan abinci, wadda kowa ke kira Mama Tochi. Ya kai aka wanke hoton ya sa a aljihu, ya ce, "Shekara ɗaya ce tak. Kada ki daina sa kwallin nan, da shi nake so in dawo in same ki."

Wata bakwai yana kira. Yau Nijar, gobe Mali, jibi ya ce yana jan koma da masunta a Senegal, ta ji ƙarar ruwa a bayansa ta yi dariya har da hawaye. Daga nan sai wayar ta yi shiru, ɗif! Bayan wata guda Sule, yayan Nuruddeen kuma mijin Lami, wanda sana'arsa dillancin filaye, ya shigo da wani mutum da ya rantse cewa a gabansa zazzaɓi ya kashe Nuruddeen a hamadar Muritaniya, aka binne shi a gefen hanya. Gida ya ruɗe da kuka. Najiba daga bayan labule ta yi tambaya ɗaya: "Malam, shi mamacin fari ne ko baƙi?" Mutumin bai amsa ba sai da ya saci kallon Sule. Ba wanda ya lura sai ita, kuma wa zai saurari marainiya a kan babban wa? Ta san abin da takaba ke nufi. In ta shiga, ta sa hannu a kan mutuwar mijinta ke nan, a raba gado, gidan ya faɗa hannun Sule. Gidan ma ba shi ne ya fi damun ta ba. Ita dai ba za ta binne mai rai da hannunta ba.

Wayyo duniya! Daga ranar ba irin ukubar da ba ta gani ba. Sule da Lami suka tare a gidan wai don su kula da ita, suka mayar da ita ɗakin ajiyar gawayi. Awarar da take soyawa tana samun na sabulu, mata suka hana 'ya'yansu saye, wai hannun mai baƙar zuciya ne. Aka ce tana da kwarto, shi take yi wa kwalliya. Aka ce ta zautu, aka ɗauko mai ruƙiyya ya yi ta tsula mata bulala yana cewa aljanin ya fita, ita kuwa tana ihu, "Ni ce, wallahi ni ce, ba kowa a jikina!" In ta idar da salla sai ta daɗe a sujada tana kuka. "Ya Allah, Kai ne gatan mara gata... in ya mutu Ka nuna mini in haƙura, in yana raye Ka juyo da shi, kada Ka bar ni a bakin mutane!" Ta ɗago, ta kalli ƙaramar wayarta da kullum take cike da caji, wayar ba ta ce komai ba.

Mutum ɗaya ce ta tsaya mata, Mama Tochi. Ita ce ta miƙo mata sabon kwalli ta saman katanga washegarin ƙona tandun, ta ce, "'Yata, ni ban san takaba ba, amma na san idon Sule. Sa abinki." Haka Najiba ta yi ta sawa kowace safiya, hawaye ya wanke, ta sake sawa, Lami ta goge, ta sake sawa, har shekara ta zagayo ta wuce.

Da Sule ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ya yanke shawarar ya gama da ita gaba ɗaya. Wata ranar Asabar da hantsi ya zo da mai sayen gidan, ya gayyato mai unguwa da dattawa su zama shaida, Lami kuwa ta shiga watso kayan Najiba waje, tukunya nan, tabarma can. Najiba ta durƙusa a gabansa. "Yaya, ka dubi maraicina. Ina za ni? Ka bar mini ko ɗakin gawayin ne har ya dawo..." Sule ya janye ƙafarsa ya ce, "Har ya dawo daga ina, lahira? Kin ƙi yi wa ƙanena takaba, kin mayar da mu abin dariya a Gombe. Tashi ki bi kwarton naki!"

Bai rufe baki ba sai ga Mama Tochi ta faɗo cikin taron ba takalmi, ɗankwali a hannu, tana ɗaga waya sama. "Chineke! Ku tsaya! Mai unguwa, ka ji wannan!" Ta danna wayar yadda kowa zai ji, sai wata murya ta fito, siririya, daga nesa: "Mama Tochi, kina ji na? Ni ne Nuruddeen. Ba sai kin haɗa ni da ita ba, na san ta yi aure... ki dai gaya mini, tana lafiya?"

Najiba ta sulale ƙasa. Mai unguwa ne ya karɓi wayar, kuma a gaban kowa zance ya warware. An sace wayar Nuruddeen ne a wata kasuwar kifi, kuma duk duniya lamba ɗaya ce a kansa, ta Sule, wadda ya haddace tun yana ɗalibi. Ta matarsa kuwa bai taɓa haddacewa ba, tun da sunanta kawai yake dannawa. Ya ari waya ya kira yayansa, shi kuwa ya ce masa Najiba ta kai ƙara kotu an raba auren, har ta auri wani. Baƙin ciki ya sa ya ƙara gaba, ya ga ba abin da zai dawo ya tarar. Sai yau, yana hutawa daga wankin kwanuka a wani gidan abinci a Maroko, ya fito da hoton nan da ya kalla sau dubu, idonsa ya sauka a kan allon shagon da ke bayanta. Ga lambar Mama Tochi ɓaro-ɓaro da jan fenti.

Sule ya fara in-ina, wai muryar ba ta ƙanensa ba ce. Mai sayen gida ya tofar da yawu ya shige motarsa. Matan da suka hana sayen awara su ne suka fara yi wa Lami ature, don haka mutane suke, inda iska ta kaɗa nan suke bi. Kafin azahar 'yan sanda sun tafi da Sule, mai shaidar zur ɗin ma aka kamo shi a tasha, bai sha mari biyu ba ya faɗi komai. Alƙali ya tura su gidan yari, Lami ta kwashe kayanta ta bar unguwar ba ko sallama. Dattawa suka yi ta zuwa ba Najiba haƙuri, ta ce ta yafe, amma ba ta ɗaga kai ta kalli ko ɗaya ba.

Bayan sati uku Nuruddeen ya iso, ya rame ya yi baƙi, jakar goyon ta sha faci. Ya tarar da ita tsaye a bakin zaure ta tare hanya. Ya zube a ƙasa yana kuka. "Najiba, ki yafe mini... na cuce ki."

"Sannu da hanya, Malam," ta ce a hankali. "Ƙasa nawa ka taka?"

"Tara."

"Ka riƙe sunayensu?"

"Duka."

"To faɗa mini lambar wayata."

Ya sunkuyar da kai. Hawaye ya zubo mata. "Shekara guda da rabi tana kunne, Malam. An dake ni, an ce ni mahaukaciya ce, an ce mazinaciya ce... a kan abin da yaro ɗan firamare zai haddace kafin a sauke tukunya." Ta tsinci gawayi ta rubuta masa lambar a jikin bangon zaure, ta shige ciki ta tura ƙofa.

A kan dakali ya zauna, mutumin da ya ga teku ya ga hamada, yana maimaitawa a fili, Mama Tochi na leƙowa daga shago tana gyara masa in ya yi kuskure. Sai bayan la'asar ya juya wa bangon baya, ya karanto ta tiryan-tiryan sau uku. Ƙofa ta buɗe. Ta miƙo masa ruwa a kofi, ya karɓa da hannu biyu, sai a lokacin ya dubi fuskarta sosai. Idanun fayau suke, sun kumbura, ba ɗigon baƙi a cikinsu.

"Ina kwallin?" ya tambaya.

"Na gaji da shi," ta ce. "Yau ba sai na rantse wa kowa kana raye ba. Shigo, abinci zai huce."