Kariyar da Na Bari Babu Kaya

A shekarar da aka hana hawa babur a yankinmu, aka kuma ɗauke sabis ɗin waya, ni ne na fi kowa murnar dawowar keke. Na gama jami'a a Zariya ke nan, ina zaune a ƙauyenmu da ke kan hanyar Randagi ina jiran bautar ƙasa, kaina cike da tsare-tsare. Na tara abokai bakwai na ce mu kafa ƙungiyar masu keke, mu riƙa kai saƙo da magani tsakanin ƙauyuka da cikin gari. Har taswira na zana a bayan kalanda, na auna kowace hanya da minti.

Baba Bakoji, mai gyaran keke na ƙauyenmu, shi ya tayar mini da tsohon keken mahaifinmu. Ranar da zan karɓa, ya ɗaure wani guntun itace a kan kariya, wato mazaunin baya, da roba. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce tun zamanin iyayensu ba a ratsa kurmin da ke tsakaninmu da gari bayan la'asar da kariya babu kaya. Ko dutse ne a ɗaura, don wurin zama idan an bar shi a buɗe, akwai masu ɗaukarsa gayyata. Ya ce in har an hau maka, kada ka waiwaya, kada ka faɗi inda za ka, kuma kada ka kai keken ƙofar gida.

Na yi dariya, na ce masa nauyin banza yana rage gudu, na ma lissafa.

"To, Malam mai digiri," in ji shi, "idan ka haɗu da su sai ka yi musu lissafin."

Ban kai ƙarshen layi ba na kwance itacen na jefar.

Ranar wata Talata, a ƙarshen damina, kububuwa ta sari Yaya Adawiyya a gonar gyaɗa. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, a bayanta na girma. Kafin azahar ƙafar ta kumbura har gwiwa, dasashinta ya fara jini. Patience, ma'aikaciyar ƙaramin asibitinmu, ta ja ni gefe ta ce allurar dafin maciji ta ƙare mata, sai cikin gari, kuma idan aka wuce isha ba ta da abin da za ta ce mini. Ta rubuta takarda. Na hau keke.

Na samu allurar a Birnin Gwari bayan la'asar, kwalabe biyu ƙanana. Na naɗe su a hankici na sa a aljihun gaban riga, don kada gargada ta fasa su. Wani mai shago ya dubi kariyata, ya buɗe baki zai yi magana. Ban tsaya ba.

Rana ta yi ja lokacin da na shiga kurmin. Hanyar ƙafa ce, ciyawa ta kai kafaɗa ta kowane gefe. Ina jin kukan gyare, da ƙarar sarƙar keken, da numfashina. Ina duba agogo. Da wannan gudun, minti arba'in zai kai ni gida.

Na wuce wata tsohuwar gona da masu ita suka gudu suka bari. Daga nan gyare ya yi shiru. Duk dajin ya yi tsit, kamar an rufe ƙofa.

Sai keken ya nutse ta baya.

Ba da ƙarfi ba. A hankali, yadda mace mai kunya take zama a gefen tabarma. Na ji kariyar ta yi ƙara. Tayar baya ta fara shan ƙasa, feda ta yi nauyi.

Na ce wa kaina iska ce ta sauka. Amma na san yadda taya take idan ta yi faci, ba haka take ba.

Wari ya biyo baya. Warin toka da aka zuba wa ruwa, haɗe da na rigar da ta daɗe a ƙasan akwati. Sanyi ya kwanta mini a gadon baya, daga wuya har ƙugu. Na fara karanta Ayatul Kursiyyu. Na kai tsakiya, harshena ya sarƙe, na koma farko.

Wani abu ya kama gefen rigata. Yatsu. Na ji tsawonsu ta cikin yadi, sun zagayo har cibiyata.

Ban waiwaya ba. Amma rana tana bayana, inuwata tana gabana a kan hanya. Na ga kaina, na ga kafaɗuna. Sama da kaina akwai wani kan, dogo, a karkace.

"Ina za mu?"

Raɗa ce, daidai kunnena na hagu. Ba numfashi a tare da ita.

Na cije leɓe, na danna feda. Hanyar gangara ce, amma ji nake kamar tudu nake hawa.

"Ɗan'uwa, ina za mu?"

Na kafa idona a kan hanya.

Yatsun suka saki ƙuguna, suka fara hawa. Haƙarƙari. Ƙirji. Suka tsaya a kan aljihu. Na ji kwalaben sun gogi juna, ƙyal.

Muryar ta canza. Ta zama wadda na sani tun ban san sunana ba.

"Abdulfattah, ƙafata. Wa za ka kai wa wannan?"

"Ke, Yaya," na ce. "Gida zan kai miki."

Kafin in rufe baki na san abin da na yi.

Abin ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Nauyin ya ragu nan take. Keken ya fara gudu da kansa, feda tana juyawa ta fi ƙafata sauri. Na ja birki, bai kama ba. Ya san hanya. Kwanar da ke wajen bishiyar kuka, shi ya karya ta, ba ni ba.

Na hango hayaƙin ƙauyenmu can nesa. A haka, minti goma mun isa. A ƙafa, kusan awa guda. Yaya tana zubar da jini, kuma ga gudun da ban taɓa samu ba a duk lissafina. In zauna kawai, in kai allurar da wuri.

In kai ta da wuri, tare da wanda ke bayana, har ɗakin da take kwance.

Akwai rafi a gaba, mai yashi a bakinsa. Na dafe aljihuna da hannu biyu, na yi bisimilla da ƙarfi, na faɗa gefe.

Kafaɗata ce ta fara dukan ƙasa. Na ji wani abu ya fashe a ƙirjina. Rigata ta yage ta baya, kamar an riƙe ta. Na tashi na afka ruwa, na haye da rarrafe.

Keken bai faɗi ba. Ina jin tayarsa tana juyawa a tsallake, tik, tik, tik.

Na gudu.

An idar da magariba da daɗewa na isa, takalmi ɗaya, jini a hannu. Kwalba guda ta fashe. Patience ta karɓi ɗayar, ta dubi fuskata. Ta ce guda ba za ta isa ba, amma za ta gwada.

Yaya ta rayu. Ƙafar ce ba ta rayu ba. Bayan mako biyu aka yanke ta daga gwiwa a Kaduna. Likitan ya ce da an samu kwalba ta biyu a daren, wataƙila da ba a kai ga haka ba.

Washegarin ranar da abin ya faru, da asuba, an tarar da keken jingine da katangar gidanmu, ta waje. Babu laka a tayarsa. Kariyar a jiƙe take, tana warin toka. Baba Bakoji ya zo ya tsaya a kansa ya daɗe. Bai yi mini gori ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni abu ɗaya, ko na faɗi inda za ni. Na sunkuyar da kai.

Ya kwance keken gunduwa-gunduwa, ya binne kariyar a bayan gari. Liman ya yi kwana bakwai yana karatu a gidan.

Da Yaya ta dawo daga asibiti, kwana uku kawai ta yi ta ce a mayar da ita wajen ƙanwar mahaifinmu a unguwar Magajin Gari, cikin Birnin Gwari. Ta ce kullum da magariba akwai mai zama a bakin katanga ta waje, yana kiran sunana da muryarta. Har yau ba ta sake kwana a gidan ba, kuma ba ta taɓa tambayata yadda kwalbar ta fashe ba.

Ƙungiyar keke ta ci gaba ba tare da ni ba. Na ga sun ɗaure duwatsu a kariyarsu, duka bakwai ɗin.

Yanzu a Kaduna nake aiki. Idan na shiga mota na ga kujerar gefena babu kowa, jakata nake ɗorawa a kai.