Zare a Diddige

Kwana tara ke nan da Tela da yayansa suka bi ayarin masu ziyara a ƙafa, kuma magana mai daɗi ko ɗaya ba ta shiga tsakaninsu ba. Mahaifiyarsu ce ta yi alkawarin ziyarar, ƙafa ta gaza mata, ta ɗora musu su biyu. Da ma can ba sa ga maciji da juna.

Tun ranar farko jagoran ayari ya ja kunnen kowa: kada a sa sabon takalmi, a rage kaya, a shanya ƙafa duk inda aka yada zango. In ƙafa ta yi bororo, a soke shi da allura, a bar guntun zare a ciki ya tsiyaye ruwan. Kuma kada magariba ta riski kowa shi kaɗai.

Tela kuwa, sarkin kwalisa, sabon takalmi ya zura. A rana ta tara diddigensa ya kumbura, ayari ya yi masa nisa.

"Yaya, ɗan jira ni mana."

"Ni na saya maka takalmin? Ka taho da rarrafe."

"Tafi ɗin! Da ma yaushe ka taɓa jirana?"

Yaya ya ja tsaki ya wuce.

Rana ta faɗi. Hanya ta yi tsit, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalminsa. Can ya hango wani ɗaki a gefen hanya, fitila na ci a bakin ƙofa. Wata tsohuwa na zaune da allura a hannu. Wurin na warin jiƙaƙƙen takalmi.

"Zauna, ɗana," ta ce a hankali. "Kawo ƙafar."

Ya miƙa. Shekara ashirin yana ɗinki, bai taɓa ganin hannu mai laushi irin wannan ba. Allura ta shiga ta fita, ko zafi bai ji ba. Sha'awar aikin ta ɗauke masa hankali, har ya ce, "Iya, hannunki da kyau."

Sai ya jira ta yanke zaren. Kowane tela ya san ana gama ɗinki ake yankewa.

Ba ta yanke ba.

Ya bi zaren da ido. Zaren ya ratsa ƙarƙashin ƙofa, ya shige ɗakin. Ta tsagar ƙofar ya hango mutane jere jikin bango, jakunkuna a baya, sanduna a hannu. Zaren ya bi ta diddigen kowannensu. Ƙafafunsu na ta takawa a wuri ɗaya. Tap. Tap. Tap.

Wani ya ɗago kai, leɓunansa a tsattsage.

"Mun kusa isa?" ya raɗa.

Zaren ya miƙe. Ƙafar Tela ta fara takawa da kanta.

Ya cafko zaren ya kai baki, ya gatsa kamar yadda yake yi a shago. Gishiri-gishiri, da ɗumi. Ya tsinke.

Tsohuwar ta daina murmushi.

Ya zura a guje ba takalmi, yana a'uziyya, bai waiwaya ba.

Ana sallar isha'i ya faɗo masaukin ayari. Jagora ya tare shi a ƙofa yana leƙen bayansa.

"Ina yayanka?"

"Ba ya nan?"

"Ko ruwa bai sha ba ya koma nemanka. Da ƙyar yake takawa. Kwana uku ke nan bororo ya cinye masa ƙafa, ya ce kada in faɗa maka, dariya za ka yi masa."

An yi kwana biyu ana bin hanyar, ba ɗaki, ba tsohuwa, ba Yaya.

Tela bai ƙarasa ziyarar ba, bai kuma koma gida ba, don bai san da wane baki zai yi wa mahaifiyarsu bayani ba. Ya kama ɗaki a ƙauyen da ke kusa. Kullum in rana ta yi ja, sai ya sa almakashi a aljihu ya hau hanyar nan shi kaɗai, yana ɗingishi da gangan.